Annabci Tsakanin Zahiri da Baɗini: Darasi Daga Tarihin Isawan Gimi

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar jirgin ƙasa daga Zariya zuwa Kano zai ratsa ta Gimi, a cikin ƙasar Makarfi, kusa da Ikara da Kudan. Ba kowa ne ya san cewa a wannan wuri ne, 'yan shekaru kaɗan bayan isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, wata ƙaramar jama'a ta Hausawa ta taru ta kafa mazauni domin ta gaskata cewa wani annabci da iyayenta suka daɗe suna jira ya cika ba. Waɗannan mutane su ne Isawa, waɗanda kuma ake kira Bani Isra'ila. Ba su yi shekaru goma cikakku a wurin ba ciwon barci ya watsa su.

A cikin wannan takarda za mu ɗauki tarihin Isawa ya zama mana madubi domin duba wata tsohuwar tambaya, watau, idan littafin addini ya yi alkawarin wani abu da zai zo, a ina ne ake sa ran ganin cikarsa, a fili cikin tarihi ko kuwa a ɓoye cikin zuciyar mai karatu? Za mu bi sawun masu cewa annabce-annabcen Littafi Mai Tsarki labari ne na sauyin da ke faruwa a cikin ran mutum, tun daga malaman Iskandariya har zuwa Neville Goddard, wanda ya ce ikon surantawa na ɗan Adam shi ne mai cika annabci. Sa'an nan za mu kwatanta wannan da abin da sufaye suka faɗa, mu kuma auna shi da abin da ya auku a Gimi. Tambayar ba ta tsufa ba, domin a yau laccocin Goddard da na masu kwaikwayonsa suna yawo a intanet, suna kuma isa ga ɗalibanmu ta wayar hannu, Musulmi da Kirista baki ɗaya.

2.0 Ma'anar Wasu Kalmomi

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu daidaita kan kalmomi uku. Ta farko ita ce annabci. A nan muna nufin maganar da ke cikin littafin addini, ko ta bakin wani bawan Allah, wadda ke nuni ga abin da bai riga ya faru ba. Ta biyu ita ce tawili, watau mayar da magana daga ma'anarta ta zahiri, wadda kowa ke ji, zuwa ga wata ma'ana ta baɗini da ake ganin tana kwance a ƙarƙashinta.

Ta uku ita ce mai wuya. Hausa tana da kalmomi da yawa da ke kewaye da ita: zato, tsammani, hasashe, riyawa a zuci, mafarki. Amma zato yana ɗauke da shakka, hasashe yana kallon gaba ne kawai, mafarki kuwa zuwa yake yi ba da zaɓin mai shi ba. Abin da muke nufi shi ne ikon nan da mutum yake da shi na kafa surar abin da ba ya gabansa, har ya gan shi da idon zuci, ya ji motsinsa a jiki. Manomin Ikara da ya tsaya a bakin gonarsa da bazara, ƙasa tana fari fat, amma ya riga ya ga tumatir ya yi ja a cikinta, wannan iko yake aiki da shi. Mun zaɓi mu kira shi surantawa. Malaman sufaye da Larabci suna ce masa hayali.

3.0 Isawa: Daga Kano Zuwa Gimi

Ƙarni na 19 a ƙasar Hausa ƙarni ne na jira. Mutane da yawa sun ɗauka jihadin 1804 share fage ne ga bayyanar Mahadi, har sai da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rubuta a fili cewa shi ba Mahadi ba ne. Bayan Mahadi kuwa, bisa ga abin da aka sani a hadisai, sai fitowar Dujal da saukowar Annabi Isa. Saboda haka sunan Annabi Isa yana bakin malamai da almajirai, musamman a lokutan da talakawa suka ga haraji ya yi nauyi, adalcin da aka yi jihadi dominsa kuma ya ja baya. A wajen 1846 ne Malam Hamza na Tsakuwa ya fice daga ƙasar Kano tare da wasu malamai a kan rigimar haraji, suka shiga duwatsun Ningi.

A cikin wannan yanayi ne Malam Ibrahim ya bayyana a Kano. Ya tsananta nazari a kan ayoyin Alƙur'ani da ke magana a kan Annabi Isa, irin waɗanda ke cikin surorin Ali Imrana da Nisa'i da Maryam, inda aka ambace shi da kalma da ruhi daga Allah, aka kuma faɗi ɗaukaka shi da aka yi. Daga nan ya kai ga ba Annabi Isa wani matsayi na musamman a kan sauran annabawa, ya kuma tara mabiya. Hukuma ta ɗauki wannan a matsayin fita daga tafarki. A wajen 1867, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, aka tsire shi a kasuwar Kano. Mabiyansa suka warwatsu, wasu suka nufi Ningi, wasu suka ɓuya a ƙauyukan kan iyakar Kano da Zazzau.

Bisa ga riwayar da Likita Mila, watau Walter Miller, ya rubuta, Malam Ibrahim ya bar wa mabiyansa wasiyya cewa wasu za su zo da cikakken labarin Annabi Isa, su jira su. Mila ya zo ƙasar Hausa a 1900 tare da ayarin Bishop Tugwell, wanda Sarkin Kano Alu ya sallama, ya kuma zauna a birnin Zariya daga 1905. Shekara da shekaru yana wa'azi ba tare da samun mabiya masu yawa ba. Kwatsam a 1913 sai ga wasu samari daga zuriyar Isawa sun zo wurinsa suna tambayar labarin Annabi Isa. Daga wannan haɗuwa ce aka sami fili a Gimi, fiye da mutum ɗari suka taru, aka kafa makaranta da majami'a, aka kuma danƙa kula da su ga Rabaran W. A. Thompson, baƙar fata daga tsibiran Karebiyan.

Wajibi ne mu lura cewa labarin ya iso mana ne galibi ta alƙalamin 'yan mishan, su kuwa suna da dalilin ganin hannun Allah a cikinsa. Ian Linden, wanda ya yi bincike a kan Isawa sa'ad da yake koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello, ya nuna cewa tushen wannan jama'a yana cikin Musulunci ne da jiran ƙarshen zamani irin na ƙarni na 19. Ba duk Isawa ne kuma suka shiga addinin Kirista ba. Wasu sun tsaya a kan abin da suka gada. Amma ga waɗanda suka je Gimi, annabci ya cika a zahiri: ga mutanen da aka ce za su zo, ga littafi a hannunsu.

Yana da amfani mu ajiye wannan kusa da abin da ya faru a Satiru, kusa da Sakkwato, 'yan shekaru kafin haka. A can ma annabci aka ɗauka a zahiri. A 1904 shugaban garin ya yi da'awar Mahadanci, bayan mutuwarsa aka ɗauki ɗansa Isa a matsayin Annabi Isa da ake jira. A Fabrairun 1906 suka karya rundunar Turawa, a watan Maris kuwa aka dawo aka shafe garin, aka kashe mutane kimanin 2,000. Satirawa sun ɗauki makami domin su gaggauta cikar alkawari, Isawa sun yi haƙuri sun jira, amma dukansu ido suka zuba a kan hanya. Wannan ita ce fahimta ta farko, ta zahiri.

4.0 Hanyar Baɗini a Tarihin Kirista

Littafin da Isawan Gimi suka karɓa, wanda aka kammala fassara shi da Hausa a 1932, yana ɗauke da iri biyu na alkawari. Akwai wanda ke nuni ga waje, kamar a Ayyukan Manzanni 1:11, inda aka ce Almasihu zai komo kamar yadda aka ga tafiyarsa. Akwai kuma wanda ke nuni ga ciki. Irmiya 31 yana maganar sabon alkawari da za a rubuta a zukata. Ezekiyel 36 yana maganar cire zuciyar dutse a sa ta nama. A Yahaya 3 an gaya wa Nikodimu cewa sai an sake haihuwar mutum. A Galatiyawa 4 Bulus ya kwatanta kansa da mai naƙuda har sai an siffanta Almasihu a cikin masu binsa, a wannan babi kuma ya ɗauki labarin Hajara da Saratu ya mai da shi misali na alkawari biyu. Ashe ke nan ƙofar tawili a cikin littafin kansa aka buɗe ta.

Aya ɗaya ta fi kowace jawo gardama, watau Luka 17:21, inda aka tambayi Yesu yaushe Mulkin Allah zai zo. Kalmar Helenanci da ke cikin amsar tana iya nufin cewa mulkin yana cikin mutane, tana kuma iya nufin yana tsakaninsu. Wanda ya ɗauki ma'ana ta farko zai nemi mulkin a zuciyarsa. Wanda ya ɗauki ta biyu zai neme shi a cikin jama'a. Dubi yadda 'yar kalma guda ta raba hanya biyu.

Wanda ya fara tsara wannan fanni sosai ɗan Afirka ne, Orijin na Iskandariya, wanda ya rayu daga wajen 185 zuwa wajen 254. Ya ce nassi yana da jiki da rai da ruhu, kamar yadda mutum yake da su. Jikin nassi shi ne labarin, ruhunsa kuwa shi ne abin da labarin ke nufi ga mai neman Allah. A wurinsa yaƙe-yaƙen Joshuwa a ƙasar Kan'ana hoto ne na yaƙin mutum da miyagun halayensa. Bayansa sai Agustin na Hippo, garin da yanzu ake kira Annaba a Aljeriya, wanda a cikin littafinsa na Birnin Allah ya fassara shekaru dubu na Wahayin Yahaya 20 da zamanin ikilisiya, tashin farko daga matattu kuma da farkawar rai daga zunubi tun a nan duniya. Sai kuma Maista Ekhart, Bajamushe, wanda ya rasu wajen 1328, wanda ya koyar da cewa haihuwar da aka yi a Baitalami ba ta amfani mutum sai irinta ta auku a cikin ransa. Wannan hanya ba ta rasa haɗari ba. A 553 aka la'anci wasu ra'ayoyi da aka jingina wa Orijin, a 1329 kuma Paparoma Yohanna na 22 ya soki jumloli 28 daga maganganun Ekhart.

Akwai wani dalili na daban da kan tura jama'a zuwa ga baɗini, shi ne saɓawar annabci. Mabiyan wani mai wa'azi a Amurka mai suna William Miller, wanda ba shi da dangantaka da Likita Mila na Zariya, sun tsayar da 22 ga Oktoba 1844 a matsayin ranar komowar Almasihu. Da rana ta faɗi ba a ga kome ba, sai wasunsu suka ce lissafin daidai ne, wurin ne aka kuskure, abin ya auku ne a sama inda ido ba ya gani. Tun kafin wannan, Emanuel Swedenborg na ƙasar Suwidin ya ce hukuncin ƙarshe ya riga ya gudana a 1757 a duniyar ruhohi. Saboda haka in mun ga an mayar da annabci ciki, sai mu tambaya, zurfin fahimta ne ya kawo haka, ko kuwa gudun kunya?

5.0 Matsayin Surantawa

Cewa annabci yana cika a zuci abu ɗaya ne, bayyana yadda yake cika wani abu ne dabam. A nan ne surantawa ta shigo. Ignatiyus na Loyola, a cikin littafinsa na horon ruhu da aka buga a 1548, ya umurci mai ibada ya kafa surar wurin da labarin Linjila ya faru, ya ga hanya da ƙura, ya ji muryoyi, ya sa kansa cikin taron. Manufarsa ita ce zuciya ta yi laushi, mutum ya sake hali. A wurinsa surantawa baiwa ce mai yi wa imani hidima. Mawaƙin Ingila William Blake, wanda ya rayu daga 1757 zuwa 1827, ya ɗaga ta sama da haka, ya ɗauke ta a matsayin ainihin rayuwar Allahntaka a cikin ɗan Adam.

Neville Goddard ne ya kai maganar iyakarta. An haife shi a tsibirin Barbados a 1905, ya tafi Niyok a 1922 domin koyon wasan kwaikwayo, ya rasu a Los Anjalis a 1972. Ya ce ya yi karatu a wurin wani malami Bahabashe mai suna Abdullah. Koyarwarsa tana da ginshiƙai uku. Na farko, Littafi Mai Tsarki ba tarihi ba ne ko kaɗan, mutanen da ke cikinsa halaye ne da matakai na ran mai karatu. Na biyu, abin da littafin ke kira Allah ko Almasihu shi ne ikon surantawa na ɗan Adam. Na uku, duk abin da mutum ya suranta, ya kuma ji a jikinsa kamar ya riga ya samu, musamman a lokacin da gyangyaɗi ya fara ɗaukarsa, to, lalle zai bayyana a zahiri. Ya kan ba da misali da kansa, cewa a 1933 ba shi da ko anini a Niyok, malaminsa ya ce ya riƙa kwana kamar yana gidan ubansa a Barbados, ba da jimawa ba ɗan'uwansa ya aiko masa da tikitin jirgin ruwa da guzuri.

Wannan ɓangare shi ya kira Doka. Daga 1959 ya ƙara wani da ya kira Alkawari, ya haɗa su a littafinsa na 1961 mai suna The Law and the Promise. Ya ce a wannan shekara, a San Faransisko, ya ji ya farka a cikin ƙoƙon kansa kamar a cikin kabari, ya kuma fito daga ciki kamar jariri. Da yake ma'anar Golgota ita ce wurin ƙoƙon kai, sai ya ce gicciyewa da tashi da haihuwa duk a cikin kan mutum suke faruwa, kowa kuma zai ɗanɗana su a lokacinsa. A taƙaice, a wurin Goddard babu wanda ake jira. Mai jiran shi ne wanda ake jira.

6.0 Abin da Sufaye Suka Ce

Wannan magana ba baƙuwa ba ce gaba ɗaya ga kunnen Bahaushe, domin malamanmu na zaure sun daɗe da sanin zahiri da baɗini. A cikin ladubban zikiri na ɗarikun sufaye akwai halarto da surar shehi a zuci. Shehu Usmanu da kansa ya ba da labarin wahayin da ya gani a 1794, inda Shehu Abdulƙadir Jilani ya rataya masa takobin gaskiya, shekaru goma kafin a zare takobin ƙarfe. Jalaluddin Rumi ya kwatanta jikin mutum da Maryamu, ya ce kowa yana ɗauke da Isansa, sai zafin naƙuda ya zo ake haifarsa. Kusancin wannan da maganar Ekhart a bayyane yake.

Muhyiddin Ibnul Arabi, wanda ya rayu daga 1165 zuwa 1240, shi ya fi kowa zurfafawa. Ya ɗauki hayali a matsayin barzahu, watau mahaɗa tsakanin duniyar ma'ana da duniyar jiki, inda ma'ana ke sa rigar sura. Ya ce Annabi Isa ne malaminsa na farko a tafarki. Ya kuma yarda cewa himmar arifi tana iya yin tasiri a waje. To, amma ya gindaya abubuwa biyu da Goddard ya tsallake. Na ɗaya, ya bambanta hayalin da ke manne da mutum, wanda ke gushewa in mai shi ya gushe, da hayalin da ke tsaye da kansa, wanda ba mutum ne ya ƙaga shi ba. Na biyu, a babin Annabi Luɗu na littafinsa Fususul Hikam, ya nuna cewa gwargwadon ƙaruwar sanin Allah, gwargwadon yadda arifi ke janye hannunsa daga sarrafa al'amura da himmarsa, domin ya gane shi bawa ne.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ba da ma'auni mai sauƙin riƙewa. A cikin Mishkatul Anwar ya ɗauki umurnin da aka yi wa Annabi Musa na ya tuɓe takalmansa, labarin da ke cikin Suratu Ɗaha da kuma Fitowa 3. Ya ce a baɗini takalman biyu su ne duniya da lahira, waɗanda mai neman Allah zai cire daga zuciyarsa. Amma ya ce Annabi Musa ya tuɓe takalman fata na gaske kuma. Wanda ya soke zahiri ya kauce, wanda ya musanta baɗini ya taƙaita, cikakke shi ne wanda ya haɗa biyun. Haka ma Orijin da Agustin, duk da tawilinsu, ba su taɓa cewa ba a yi Almasihu a tarihi ba.

7.0 Gimi a Matsayin Ma'auni

Yanzu sai mu komo gida. Mutanen Gimi sun yi shekaru kusan hamsin, su da iyayensu, suna riƙe da sura guda a zuci, ta wasu baƙi da za su zo da littafi. Mai bin Goddard zai ce to, ga shaida, sun suranta, ya kuwa tabbata. Amma wannan hujja tana da baki biyu kamar takobi. In surantawa ce ta kawo Likita Mila, wace surantawa ce ta kawo ciwon barci? Mutanen da suka bar gonakinsu da danginsu, suka gina majami'a da hannunsu, suna cike da murnar cikar alkawari, ba kaburbura suke gani da idon zuci ba. Duk da haka cutar ta kashe da yawa daga cikinsu, sauran suka koma Zariya, daga baya kuma Wusasa, inda mishan ta ƙaura a 1929.

Sanadin abin sananne ne. Ƙudan tsando yana zama a cikin duhuwar itatuwa ta bakin rafi, yana ɗauke da ƙwayar cutar daga jinin wani zuwa na wani, ba ya kuwa tambayar abin da ke zuciyar wanda ya ciza. Maganin da ya yi aiki a wannan yanki shi ma sananne ne. Daga ƙarshen shekarun 1930 aka gudanar da shirin Anchau, wanda masanin ƙwari T. A. M. Nash ya rubuta rahotonsa a 1948. An sare kurmin bakin rafuka a fili mai faɗin kimanin murabba'in mil 700, an haƙa rijiyoyi, an tayar da ƙauyuka an sake musu mazauni, an kuma gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Lalle wani ya fara suranta Takalafiya kafin a aza tubalinta. Amma da gatari da adda da gumin talakawa, waɗanda sau da yawa ba a nemi yardarsu ba, surar ta sauko ƙasa.

Daga nan muna iya fitar da abubuwa uku. Na farko, koyarwar da ta ce duk abin da ya sami mutum shi ya suranta shi, tana ɗora wa maras lafiya laifin cutarsa, matalauci laifin talaucinsa, tana kuma wanke azzalumi. Da za a bi ta, da sai a ce Malam Ibrahim ne ya jawo wa kansa tsirewa da tunaninsa, Sarki ba shi da hannu. Na biyu, koyarwar ba ta da hanyar da za a gane kuskurenta, domin in abu ya samu sai a ce doka ta yi aiki, in bai samu ba sai a ce mutum ne bai gaskata sosai ba. Ana ba da labarin tikitin Barbados, ba a ƙidaya waɗanda suka kwana suna suranta gida har suka mutu a baƙunci.

Na uku, kuma shi ne ya kamata mu yi wa adalci, akwai gaskiya a cikin fahimtar baɗini wadda tarihin Isawa ya tabbatar. Abin da ya riƙe su daga 1867 zuwa 1913, ba sarki, ba runduna, ba gari nasu na kansu, sura ce da suka ɗauka a zuci. Ita ta hana su narkewa, ita ta sa suka zama masu tambaya da neman karatu. Da mazaunin Gimi ya rushe, wannan hali bai rushe ba. Ya bi 'ya'yansu zuwa makarantar Wusasa. Daga zuriyar waɗannan mutane ne aka sami Farfesa Ishaya Audu, wanda aka haifa a Anchau a 1927, likitan da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya kuma riƙe Ma'aikatar Harkokin Waje daga 1979 zuwa 1983. Surantawa ba ta kashe tsando ba, amma ta yi renon mutanen da daga cikinsu aka sami likita. Ta wannan hanya ce, a ganinmu, sauyin ciki ke taɓa duniyar waje: ta hanyar hali da haƙuri da aiki, a kan lokaci mai tsawo, wani zubin har sai bayan mai surantawar ya kwanta dama.

8.0 Kammalawa

Mun ga fahimta uku game da cikar annabci. Akwai mai zuba ido a hanya, kamar Satirawa da Isawan farko. Akwai mai haɗa zahiri da baɗini, kamar Orijin da Agustin da Gazali da Ibnul Arabi. Akwai kuma mai soke zahiri ya naɗa surantawar mutum a gurbin Mahalicci, kamar Goddard. Ta farko, in ta yi tsanani, takan kai ga sa rana da zubar da jini. Ta uku takan bar mutum shi kaɗai da laifin duk abin da ya same shi. Ta tsakiya ce manyan malaman addinan biyu suka fi natsuwa da ita, ko da yake sun saɓa a kan abin da ake jira.

A ƙarshe muna kira ga abokan aikinmu na sassan Hausa da Tarihi da Nazarin Addinai da su mai da hankali ga ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan, inda Hausawa Musulmi da Hausawa Kirista ke zaune kafaɗa da kafaɗa, suna cin kasuwa ɗaya. Labarin Isawa ya fi yawa a rubuce da Turanci, ta bakin baƙi. Ya kamata a tura ɗalibai su zauna da dattawa, su ɗauko shi da Hausa, da irin kalmomin da masu shi suke amfani da su wajen faɗin jira da alkawari da cikawa, tun waɗanda suka ji daga bakin kakanninsu suna raye.